Hoton da Rafia Ta Ɗauke

A unguwar Tremont ta New York, in aka ambaci Rafia, ba a tambayar 'yar wane ce ko matar wane. Sai dai a ce, "Rafia mai kyau?" a amsa, "Ita." Shekarunta hamsin da biyu, amma har yanzu in ana ɗaukar hoto a wajen biki ko suna ita ake jawowa tsakiya, har wata rana uwar wata amarya ta ja mai hoto gefe ta roƙe shi ya ɗan matsar da ita daga kusa da 'yarta. Mata suna cewa girman kai gare ta, don ba ta zama a ci abinci da ita, tana gaisawa take neman takalminta. Masu shagon kayan miya suna cewa ba girman kai ba ne, tun rasuwar mijinta Kadri ta koma haka. Tsofaffin da suka san ta tun Aboabo, a Kumasi, suna ba da labarin direban da ya taɓa jefa motar haya cikin kwata saboda kallonta. Kowa ya san tana da 'ya ɗaya, Sumaya, wadda ta ɗauko ta sak, tana Atlanta tana yi wa amare kwalliya. Tsofaffin Aboabo ne kaɗai, in aka ce 'ya ɗaya, sukan gyara zama su kawo wata magana.

Ranar Talata da safe Rafia tana kicin ɗin Madam Fotini a unguwar Astoria, tana jiran kofi ya taso a 'yar tukunya mai dogon hannu, sai wayarta ta yi ƙara. Shekara huɗu ke nan tana kula da tsohuwar, 'yar Girka mai shekara tamanin da takwas, tsohuwar malamar makaranta, wadda ɗanta ke Florida yana kira ran Lahadi.

"Mma, kina zaune?" in ji Sumaya. Hausarta rabi ce, sauran Turanci, kuma in magana ta yi nauyi Hausar takan gudu gaba ɗaya.

"Ina tsaye. Mene ne?"

"Rukaya tana cikin jirgi."

Kofin ya taso ya zube a kan murhu. Rafia ta kashe wutar, ta tsaya tana kallon kumfar.

"Wane jirgi?"

"Mai zuwa nan. Ta samu aikin nas a wani asibiti a Columbus, can jihar Ohio. Ƙarfe ɗaya za ta sauka filin jirgin JFK, ƙarfe shida ta hau na Ohio. Ta ce kada in gaya miki. Wata uku ina riƙe da maganar nan, Mma, na gaji."

"Ashe kuna magana."

"Kullum. Yayata ce fa."

Rafia ta ɗauki tsumma ta fara goge murhun.

"Za ki je?"

"Ina wajen aiki."

"Mma."

"Na ce ina wajen aiki. Tsohuwar nan ko bayi ba ta iya shiga ita kaɗai."

Sumaya ta kashe. Bayan minti ɗaya saƙo ya shigo, lambar jirgi da lambar ƙofar fita, ba ko gaisuwa.

Rukaya ce 'yarta ta fari. An haife ta da leɓen sama a tsage har ƙofar hanci. Ranar suna mata suka cika gidan don su ga abin da Rafia mai kyau ta haifa, suka leƙa cikin zani, suka ce Allah ya raya, suka fita da sauri fiye da yadda suka shigo. Bayan shekara biyu aka haifi Sumaya, ita kuwa aka yi ta karɓarta hannu zuwa hannu har la'asar.

Sannan aka zo shekarar lotirin bizar Amurka. Wani Saeed yana da shagon kwamfuta kusa da tashar mota, shi ke cike wa mutanen unguwa fom. Ya ce a kawo hoton kowa, miji da mata da 'ya'ya. Suka kai guda huɗu. Saeed ya jera su a kan tebur, ya tsaya a kan na Rukaya, ya taɓa shi da bakin biro. Ya ce shi dai ba ya hana kowa, amma ya ji an ce Turawa da ido suke zaɓe, fuska ɗaya tana iya sa a ture iyali duka. Kadri ya ce ai an ce na'ura ce ke zaɓe, kuma na'ura ba ta san kyau ba. Saeed ya ɗaga kafaɗa. Aka kira azahar, Kadri ya ce bari ya yi salla ya dawo a ƙarasa. Kafin ya dawo Rafia ta ɗauke hoton ta soke shi a ɗaurin zaninta, ta ce wa Saeed ya rubuta 'ya ɗaya ya tura.

Sunansu ya fito. Sai da suka zauna a New York wani lauya ya gaya musu cewa ɗan da ba a rubuta tun farko ba, ba a isa a zo daga baya a ce ga shi ba, sai in ana so a tono takardun gidan duka. Kadri bai taɓa yi mata faɗa a kai ba har ya koma ga Allah. Ya dai daina ɗaga kai in ta yi ado ta fito.

A Aboabo kuwa abin bai zama abin magana ba. 'Yar fari ai ta kaka ce, uwa ba ta ko kiran sunanta, balle ta nuna tana so. Mma Memuna, mahaifiyar Rafia, ta riƙe yarinyar, aka yi mata takardar haihuwa da sunan kakar a matsayin uwa. Da yarinyar ta yi wayo ta fara tambaya, sai aka ce mata an aika da hotonta, Turawa ne suka ƙi. Rafia ce ta fara faɗin haka a waya, sauran suka ɗauka. Wasu likitoci baƙi suka ɗinke leɓen tana shekara tara. Sau biyu Rafia ta je gida, Rukaya ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Anti. Rasuwar Mma Memuna ta zo a shekarar da aka rufe filayen jirgi saboda annoba, daga nan kuma wayar ta koma barka da Salla, sau biyu a shekara.

"Ina kofina, kyakkyawa?"

Muryar Madam Fotini ce daga ɗaki. Haka take kiranta da Turancinta mai nauyi, don sunan Rafia ya daɗe da zame mata. Rafia ta sake ɗora wani kofin, ta kai mata, ta yi mata wanka, ta zaunar da ita gaban madubi. A gefen madubin akwai ɗan mutum-mutumi na farin dutse, mace ba hannuwa, zani ya zame mata zuwa ƙugu. Farkon zuwanta Rafia takan juya shi ya kalli bango in za ta yi salla. Yanzu kawai takan shimfiɗa dardumarta a falo.

"Wa zai zo yau?" tsohuwar ta tambaya.

"Ba kowa, Madam."

"To sa mini ja mai duhun."

Rafia ta shafa mata jan-bakin a hankali, tana bin layin leɓen da ya riga ya shige ciki. Ta ɗauki mataji ta fara taje farin gashin.

"Na taɓa ba ki labarin maƙerin?"

Ta ba ta, ya fi sau talatin.

"A'a, Madam."

"Mutanenmu na dā, allolinsu a kan wani dutse suke zaune."

"A'uzu billahi," in ji Rafia a hankali, kamar kullum.

"E, e, na sani, naku ɗaya ne. Namu da yawa ne, kuma dukansu kyawawa, kusan shi ne aikinsu. Sarauniyarsu ta haihu. Aka miƙo mata jaririn, ta duba, ƙafa a karkace, fuska ba irin ta gidan ba. Ta ɗauke shi ta je bakin dutsen ta sake shi. Ya yi ta faɗowa har ya kai teku."

A nan ne Rafia takan ce Allah sarki ta ci gaba da tajewa. Yau matajin ya tsaya.

"Wa ya gan ta?"

"Wa?"

"Lokacin da ta sake shi. Akwai wanda ya gani?"

Madam Fotini ta dube ta ta cikin madubi.

"Shekara talatin da biyar ina ba yara labarin nan. Suna tambayata ko ya mutu, ko ya ji ciwo. Ba wanda ya taɓa tambayata wa ya gani." Ta ɗan yi tunani. "Ni a ganina duk sun sani. Suka ci gaba da cin abincinsu. Matan teku biyu ne suka tsince shi, suka raine shi a kogo, ya koyi ƙira. Abubuwan da kyawawan nan suka riƙa taƙama da su daga baya, sarƙa, kujera, makami, shi ya ƙera musu."

"Ya koma wurinta?"

"Sai da suka buƙace shi suka aika a ɗauko shi." Tsohuwar ta juya kanta hagu da dama tana duba jan-bakin. "Ke da a can aka haife ki, da kan dutsen za a zaunar da ke. Kina da 'ya'ya?"

Kowane mako takan yi wannan tambayar, kowane mako amsar ɗaya ce.

"Biyu, Madam."

Tunda ta taka ƙasar nan ba ta taɓa faɗin wannan adadin ba. Ta saurara, kamar wani zai shigo ya ce ta maimaita. Ba abin da ya motsa sai agogon bango.

"Kyawawa kamarki?"

"Ban sani ba. Babbar na daɗe ban gan ta ba."

"Hmm," in ji tsohuwar. Ta kurɓi kofi, ta bar ja a bakin kofin. "Wa zai zo yau?"

"Efua za ta zo," in ji Rafia. "Ni zan fita."

Ta kira ofishinsu ta ce uzuri ya taso, a turo wadda za ta karɓe ta. Efua, abokiyar aikinta, ba ta iso ba sai sha biyu da kwata. Kafin nan Rafia ta kira Moro, abokin marigayi Kadri, wanda ke tuƙa tasi yana jiran fasinja a filin jirgi. Ya ce da ma can zai nufa.

"Matar yaya, yau kuma ke ce a JFK?" ya ce da ta shiga. "Baƙo za a tara?"

"Baƙuwa."

"Daga gida?"

"Daga gida."

Moro ɗan Aboabo ne. Ya tuƙa har suka hau babbar hanya. Cunkoso ya tsayar da su a ƙarƙashin wani ƙaton allon talla, fuskar mace mai tsawon bene uku, ba ko ɗigo a fatarta, leɓe a ɗan buɗe.

"Ta wajen Mma Memuna ce?" ya tambaya, idonsa a kan motar gaba.

"Ita ce."

"Alhamdu lillahi."

Rafia ta buɗe jaka don ta duba lambar jirgin, hannunta ya faɗa kan madubi, ta fito da shi kamar yadda take yi duk inda za ta shiga mutane. Ta gyara kwalli, ta shafa hoda, ta sa jan-baki. Ta daɗe tana kallon bakinta. Sannan ta zaro takardar goge hannu ta goge shi tas, har leɓen ya fara zafi.

A wajen fitowar baƙi mutane sun jeru a bayan ƙarfe, wasu da furanni, wasu da sunaye a rubuce a kwali. Allo ya nuna jirgin ya sauka. Rafia ta samu wuri kusa da ƙofa. Shekara tara rabonta da ganin Rukaya, kuma yarinyar ba ta sa hotonta a waya, sai hoton wata bishiyar mangwaro. Duk macen da ta fito baƙa mai ɗankwali ko hijabi, Rafia takan dubi bakinta. Wata mai jan akwati biyu, baki lafiya. Wata da goyo, baki lafiya. Wata ta harare ta. Aka rungumi na runguma, masu kwali suka tafi da mutanensu, wani jirgin ya sauka, Turawa da Indiyawa suka fara fitowa. Ta duba agogo, ƙarfe uku saura kaɗan.

"Anti Rafia."

Ta juya. Wata doguwa ce cikin hijabi ruwan toka, takunkumin asibiti ya rufe mata hanci da baki, tana tsaye jikin ginshiƙi da akwatuna biyu.

"Tun ɗazu nake nan. Sau uku kika dube ni."

"Abin nan ne ya rufe..."

"Bakin kike nema."

Ba tambaya ba ce. Ta sa yatsa ta sauke takunkumin zuwa haɓa. Wani siririn layi fari ya sauko daga hanci zuwa leɓe, ƙofar hancin ta hagu ta ɗan kwanta. Goshin na Kadri ne, har da yadda gira ke haɗuwa in yana jiran amsa. Ta ɗan rusuna.

"Ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ke, ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Sumaya ba ta iya riƙe magana."

"Ba ta iya ba."

"Da ba ki wahalar da kanki ba. An ce nan ba a barin aiki haka kawai."

Rafia ta kai hannu ga akwati ɗaya. Rukaya ta ce ta bari, da nauyi, amma ba ta hana ba. Suka hau ɗan jirgin ƙasan da ke zagaya filin zuwa ɗaya ginin, suna tsaye suna riƙe da ƙarfe ɗaya, hannu sama da hannu, ba su taɓa juna ba. Rukaya ta ba da akwatunanta, ta karɓi takardar shiga. Saura awa biyu da wani abu. Suka samu kujeru kusa da taga.

Rafia ba ta zo da komai ba sai abincin ranarta. Ta fito da robar, shinkafa da wake da yaji da ƙwai ɗaya, ta miƙa mata cokali. Rukaya ta yi bismilla ta ci.

"Ya yi kama da na Mma," ta ce. "Ita dai tana ƙara kanwa."

"Ba ta taɓa yarda nawa ya kai nata ba."

"Ko na kowa."

Suka ɗan yi murmushi, kowa yana kallon robar. Rafia ta lura da yadda take taunawa ta gefen dama, ta kau da ido da sauri.

"Rigar nan ba za ta yi miki ba a Ohio. Can ya fi nan sanyi." Ta fara cire maɓallin kwat ɗinta.

"Sumaya ta aika mini da guda biyu, suna can suna jirana. Bar abinki."

Rafia ta mayar da maɓallin.

"Ke, a ina za ki sauka?"

"Asibitin ya kama mana ɗaki, mu uku. Har yanzu 'ke' ce? Na ɗauka Amurka tana cire wa mutum kunyar 'yar fari."

Kafin Rafia ta samu amsa, wata mata mai tura keken goge-goge ta tsaya a gabansu. Matar wani Kudus ce mai shagon nama a Tremont, ita kuma tana aiki a filin jirgin.

"A'a, Rafia mai kyau, ke ce a nan? Kin ganki kuwa, ko ba jan-baki kin fi mu. Wa muka samu?"

Rafia ta buɗe baki. Abin da ta faɗa wa tsohuwar da safe yana nan a kan harshenta, amma Madam Fotini kafin azahar ta manta, matar Kudus kuwa kafin magariba Tremont duka ta ji.

"Ƙanwarta ce," in ji Rukaya. "Autar Mma Memuna. Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, sannu da zuwa. Ikon Allah, ba ku yi kama ba ko kaɗan." Ta dubi leɓen, ta ɗauke ido, ta sake duba. "To, Allah ya sa an zo a sa'a. Rafia, sai mun haɗu a sunan gidan Yaw, kada ki gudu kamar kullum."

Ta tura kekenta ta wuce. Rukaya ta rufe robar, ta goge cokalin da takarda, ta miƙa.

"Kada ki damu," ta ce. "Haka yake a takarda. Ɗazu ma a ciki mutumin ya tambaye ni ko ina da uwa ko uba a ƙasar nan, na ce ba ni da su. Ba zan ɓata miki komai ba. Shi ya sa ma na ce kada a gaya miki."

"Ba don haka na zo ba."

"Na sani."

Ba ta tambayi don me ba. Suka zauna suna kallon motocin kaya suna kai da kawowa a ƙarƙashin jirage. Rafia ta tambayi wanda ke gidan Aboabo yanzu, ko an gyara rufin, ko bishiyar mangwaron tana nan. Rukaya ta amsa kowace tambaya daidai tsawonta. La'asar ta yi, suka nemi lungu suka yi salla a kan gyalen Rafia, ɗaya bayan ɗaya. Da suka dawo wasu sun zauna a kujerunsu, sai suka tsaya jikin taga.

"Ranar da zan je ganawar biza a Accra," in ji Rukaya, "kwana biyu ban ci abinci ba."

"Saboda me? Ke da kike da takardunki."

"Ba takardun nake tsoro ba." Ta ɗan taɓa takunkumin da ke haɓarta. "Tun ina ƙarama nake tunanin ɗakin. Wani Bature zaune da hotuna a gabansa, yana cewa wannan ta shiga, wannan ta shiga, ya zo kan nawa ya ture. Har fuska na yi masa, da gilashi da jan gemu. Da aka yi mini ɗinki na ce wa Mma a sake ɗaukata a aika masa, ko zai canza ra'ayi. Ta kai ni wurin mai hoto kuwa, Allah ya ji ƙanta. Ban san inda ta kai hoton ba."

Rafia ta san inda ta kai shi. Ita ya zo wa cikin wasiƙa, yarinya cikin rigar makaranta, ta matse baki don ɗinkin ya fito sosai.

"Ranar kuwa sai da wata ƙawata ta shafe mini wurin da hoda har uku. Na tsaya gaban gilashi, zuciyata kamar za ta fito. Mace ce ma, ba Baturen nawa ba. Ta tambaye ni sunan asibiti, ta tambayi shekara nawa na yi ina aiki. Takardu take dubawa. Ban jin ta kalle ni sau biyu." Ta yi 'yar dariya. "Na fito na zauna a bakin titi ina ta mamaki. Na ce ashe sun daina duba fuska."

Ta faɗe shi tana kallon jiragen. Ko ta yarda da abin da ta faɗa, ko ƙofa ce ta buɗe ta matsa gefe, Rafia ba ta iya ganewa ba. Abin da ta gane shi ne in ta ce, "E, zamani ya canza," maganar ta ƙare ke nan. Saeed ya daɗe da barin Kumasi. Kadri da Mma Memuna suna ƙasa. Ba sauran wanda zai ce ba haka aka yi ba.

"Biyar ta wuce," in ji Rukaya. "An ce layin bincike yana da tsawo."

Ta saɓa jakarta. Suka taka tare har inda igiya ta fara, inda wani ma'aikaci ke duba takardun shiga yana cewa masu rakiya su tsaya nan. Rukaya ta rusuna kamar ɗazu.

"Na gode da abinci. A gaida mutanen gida."

Ba kowa a gidan. Ta ja takunkumin ta rufe hanci, ta shiga layi. Layin yana lanƙwasa ne, ya tafi ya dawo, don haka bayan ɗan lokaci ya sake kawo ta kusa da igiyar waje, mutum huɗu tsakaninta da inda Rafia ke tsaye. Rafia ta matsa har igiyar ta taɓa cikinta.

"Ba su taɓa ganin hotonki ba."

Muryar ta fito ƙasa ƙasa, hayaniya ta haɗiye ta. Rukaya ta juyo, ta ɗaga gira. Rafia ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfin da ya sa wani mutum mai jakar baya ya waiga, matar Kudus ma, da ke goge gilashi can gefe, ta tsayar da hannunta.

"Ba su taɓa ganin hotonki ba. Ba wani Bature. Babanki ya fita salla, ya ce a jira shi. Ni na ɗauke shi daga kan tebur, ni na ce a rubuta ɗaya. Ni na ce a gaya miki sun ƙi."

Na bayan Rukaya ya ce mata da Turanci layi ya motsa. Ba ta motsa ba. Ya zagaye ta ya wuce, na bayansa ma ya wuce. Idanunta kaɗai ake gani a saman takunkumin, ba su kau daga fuskar Rafia ba.

"Ni na haife ki, na dube ki, na ji kunyar mutane," in ji Rafia. Hannuwanta biyu suna riƙe da igiyar. "Ba ki yi mini komai ba. Ki yafe mini."